Sai An Ce Masa Ya Shigo

Duk wanda ya san ni a kantin maganin da nake aiki ya san ba na karanta littafin soyayya. Na matattun nan masu tashi su sha jinin mutane kuwa, irin waɗanda ake jibgewa a kan tebur a hanyar ƙarƙashin titi, da baƙin bango da hoton wani saurayi fari fat kamar mai ƙarancin jini, ko kyauta aka ba ni sai dai in tokare ƙafar firiji da shi. To yau ga guda huɗu a gefen gadona, duk na aro, kuma mai su ta ce kada in kuskura in maido.

Ilgiz ɗana ne, shi kaɗai Allah ya ba ni kafin mahaifinsa ya rasu. Yana ƙarami likitocin Bishkek suka yi ta jefa mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, har wata ta zaunar da ni ta ce abin sunansa otizim. Ba hauka ba ne, ba kuma ciwon da zan ɗauko masa magani a kanta ba, haka aka halicci kansa. Haske mai ƙarfi yana sara masa kai. Kitse ba ya wuce maƙogwaronsa. Ba ya kallon idon mutum in suna magana, kuma abin da aka faɗa shi yake ji, wanda ba a faɗa ba bai san da zamansa ba. Sannan ba ya shiga gidan kowa sai an ce masa ya shigo. Mu kuwa wa yake faɗa wa nasa haka? Ƙofa ake buɗewa a koma kicin. Don haka tun yana rarrafe har ya fi ni tsawo, duk gidan da muka je hannuna yana bayansa, ina tura shi ciki.

Yana aiki a ɗakin ajiyar iri na lambun itatuwa, kuma a can ya haɗu da Sezim, malamar makaranta da ta je neman iri don ɗalibanta. Tambaya ɗaya ta yi masa, ya yi ta ba ta amsa har aka tashi daga aiki. Washegari ta dawo da wata tambayar. Da ya gaya min, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ya ji ina kukan daɗi.

Ran da aka gayyace shi gidansu, na goge masa riga, na saya masa kek, na yi masa bitar gaisuwa har ya ce ya isa. Ya dawo da wuri. Ya cire takalmansa ya jera, ya kira ni da sunan da muke kiran uwa, ya ce, "Apa, ina jin na faɗi jarrabawar, amma ban san a wace tambaya ba."

Na zaunar da shi ya ba ni labari tiryan-tiryan, don Ilgiz ba ya rage labari ko da shi ne zai ji kunya. Mahaifiyar Sezim, Sairagul, ita ta buɗe ƙofa. Ta ce, "A'a, ka iso," sai ta ji mai yana ƙauri a wuta, ta ruga kicin. Sezim ta sauka sayen burodi. Shi kuma ya tsaya a waje da kek a hannu, maƙwabta suna hawa suna sauka suna kallonsa. Da mahaifin, Toktosun, ya gaji da iskar da ke shigowa ya leƙo, sai ɗana ya miƙa masa hannu ta saman dokin ƙofa, abin da ko ƙaramin yaro ya san ba a yi. Mutumin ya daure, ya jawo shi ciki.

"Sai kuma me?" na ce.

"Sai aka kawo nama. Ya yanko wani wuri mai kitse ya ajiye a gabana da hannu biyu. Na ce na gode, ba na cin kitse, na mayar masa."

"Wane wuri?"

"Ƙirji ne. Na gane shi da ƙashin."

Na dafe kai. Ƙirjin rago rabon suruki ne, uban yarinya ba ya ajiye shi gaban saurayi sai zuciyarsa ta amince. Toktosun ya ba shi 'yarsa a faranti, ɗana ya yi godiya ya tura masa abarsa, a gaban ƙanen mutumin da matar ƙanen. Na koya wa Ilgiz tsallaka titi, na koya masa abin da ake faɗa a gidan rasuwa, amma ƙirji ban taɓa kawo masa maganarsa ba, don ban taɓa sa rai wani uba zai miƙa masa shi ba.

Sezim ta kira ni a waya, ta haɗa sunana da eje, yadda muke girmama babbar mace. "Burul eje, Ata ya ce kada a sake kawo masa maganar. Apa ma ta ce ita ba ta taɓa ganin rashin tarbiyya irin wannan ba. Na yi bayani har na gaji, cewa suke so ne ya rufe min ido."

Na fassara wa Ilgiz ma'anar abin da ya yi. Ya ci gaba da zuwa aiki yana dawowa, amma ya daina maganar iri, shi da kullum sai na roƙe shi ya bar ni in ji labarai. Wata safiya na tarar da akwatin 'yan kunnen zinariyar da ya saya don baikon a kan teburin kicin. Ya ce in mayar kanti.

Ban mayar ba. Ranar Asabar na naɗe farin ɗankwali da kwalin alewa a jaka, kayan ban haƙurinmu, na hau ƙaramar bas zuwa unguwarsu. Ban haƙuri sana'ata ce ta biyu. Na ba malamai, na ba direbobi, na ba dangin mijina, don haka na san yadda ake sunkuyar da kai ba tare da wuya ya ƙage ba.

Toktosun ne ya buɗe min, gajere mai faɗin kafaɗa, tsohon direban bas. Ya gane ni, ya haɗe fuska, amma baƙo baƙo ne. "Kin zo ranar mijinta na biyu," ya ce, yana nufin saurayin cikin littattafan da matarsa ke karantawa, ya nuna min falo da haɓa, ya koma baranda ya rufo ƙofa.

Ashe ranar sherine ce, zaman da ƙawaye ke yi duk wata a gidan ɗaya daga cikinsu, kuma layi ya zo kan Sairagul. Mata ne cike da falo, babu wadda ba ta yi jika ba, kowa da littafi mai baƙin bango kusa da kwanon shayinta. Sairagul ƙatuwa ce, ta rina gashi ja, tabarau yana rataye a wuyanta da sarƙa. Ta gaishe ni a daƙile, ta zuba min shayi, na ɗanɗana burodi, ta ce maganarmu sai baƙi sun tafi. Suka koma kan abin da suke yi kamar ba na wurin.

"Ni wurin da ya kashe ni," in ji wata siririya mai haƙorin zinariya da ake kira Uulkan, "inda ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar gidan su yarinyar. Ƙofa a buɗe hanhai, amma irinsu ba sa iya ɗaga ƙafa sai an ce su shigo. Uwar ta gan shi ta wuce abinta. Muguwar mata!"

"Wallahi sai da na jiƙa matashin kai," in ji Sairagul. "Toktosun ya ɗauka hawan jinina ne ya tashi, ya ɗauko min abin awo."

Uulkan ta ce, "Shi ya san awo. Ya taɓa tsaya miki a ruwa?"

"Wa? Ko a inuwa bai taɓa jirana ba."

Suka kwashe da dariya. Wata ta kawo wurin walima, inda ake ta tura wa bawan Allah abinci ba zai iya haɗiyewa ba, dangin yarinyar suna cewa girman kai ne. Wata ta kawo yadda yake rufe labule da rana, da yadda shinkafa ta zube ya durƙusa yana tsincewa ƙwaya-ƙwaya, kowa yana masa kallon mahaukaci sai ita yarinyar da ta durƙusa ta taya shi. Ni dai ina riƙe da kwanon shayi, ina jin kunnuwana suna zafi.

"Jikata ta ce a waya ana ta gardama," in ji Uulkan. "Wai mazajen littattafan nan duk halin masu otizim aka ba su. Wai in ka cire haƙoran shi ke nan."

"Ke rabu da shirmen yara," in ji Sairagul. "Mutum ya shekara ɗaruruwa a mace, ai dole bakinsa ya yi nauyi."

Na dire kwanon da ƙarfin da ban yi niyya ba. Haƙuri na zo bayarwa, ga ɗankwali a jaka, amma bakina ya riga ni.

"Sairagul eje, na ga zuciyarki da taushi, Allah ya ƙara. Na takarda ya tsaya a ƙofa kin jiƙa matashi. Nawa ya tsaya a ƙofarki da kek a hannu, maƙwabtanki suna kallonsa, kin ce ba shi da tarbiyya."

Uulkan ta zaro ido. "Au, naki ma haka yake? Kai, ashe jikata..."

"Dakata, eje. Ɗana ba gawa ba ne, ba ya cizon kowa, ba shi da fada a kan dutse. Albashin lambu gare shi da jaket ɗaya. Jikarki rabin gaskiya ta faɗa. Ban karanta abinku ba, amma daga abin da na ji, wadda ta rubuta shi ta san wani irin ɗana, ko ƙanenta ko mijinta. Ta ga a yadda yake ba wanda zai saurare shi, sai ta ƙara masa kyau da dukiya da haƙora, ga shi kuwa kun zauna kuna masa kuka."

Na miƙe zan tafi, don na san na gama ɓata abin da ya rage. Sairagul ta riƙo bakin rigata.

"Zauna. Ba a tashi daga shimfiɗata da fushi." Ta ɗora tabarau a hanci ta ƙare min kallo. "Da gaske ba zai iya shigowa ba?"

"Ƙafarsa lafiya lau. Bai sani ba ne ko ana son sa a ciki. Ke fuska kike karantawa ki gane, shi sai an faɗa da baki."

"Ai na ce masa ya iso."

"Kin ce ya iso. Ya kuwa iso."

Wata ta yi ƙaramar dariya ta toshe baki. Sairagul ba ta yi ba. "Kitsen fa?"

"Da ya ci, da ya amayar miki a kan shimfiɗa. Ya zaɓi wanda ya ga ya fi ladabi."

"Ya san me ƙirji yake nufi?"

"Yanzu ya sani. Tun ranar bai ƙara yi min hira ba."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Ta tashi ta shiga baranda ta rufo ƙofa, amma gilashi ne, kuma muryar Sairagul ba a yi ta don sirri ba. Muna jin Toktosun yana cewa, "A gaban ƙanena ya maido min! A gaban matar ƙanena, wadda kafin yamma ta kai labarin har ƙauye!" Ita kuma tana cewa, "Kai ran da ka je gidanmu ba a kan hular babana ka zauna ba?" Ya ce wannan daban. Ta ce ƙwarai daban, don shi ya san hula ce. Ta fito fuskarta ja kamar gashinta, ta ɗauki littafin farko ta dangwara min a cinya.

"Bai sauko ba tukuna. Tafi da wannan ki karanta, ki gaya min inda ta yi ƙarya."

Don haushi na karanta, da fensir a hannu. Sairagul ta riƙa kirana ina tsakiyar sayar da maganin tari. "Kin kai wurin jirgin ruwa? To naki ma yana ƙin a taɓa shi ba zato?" In ce e, a gaya masa tukuna. "Yana jin abin da mutane ke tunani?" In ce ina, wannan ƙarya ce tsagwaronta, da yana ji ai da ba mu kai nan ba. Na gaya mata mutumin littafin ya iya yaudara da daɗin baki, ɗana kuwa ko cewa miyarki ta yi daɗi ba zai yi ba in ba ta yi ba. Na gaya mata sanyin zuciyar da ake liƙa wa irinsu shi ya fi ba ni haushi, don lokacin da aka yi min aiki a ciki Ilgiz bai rungume ni ba, amma ya haddace sunan kowane magani da lokacinsa, bai kuma bar bakin gadona ba. A littafi na uku yarinyar ta bar iyayenta ta bi shi. Na ce wa Sairagul ni ba na son wannan wa Sezim. Ta ce ita ma wurin ne ya hana ta barci.

Yadda ta yi da Toktosun ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Sezim ta ce min dai ya yi kwanaki yana cin abinci a baranda. Da kankana ta fara shigowa kasuwa, Sairagul ta kira ta ce, "Ku zo da 'yan kunnenku ranar Lahadi."

Muka je da yayana da matarsa. A kan matakala hannuna ya tafi bayan Ilgiz da kansa, yadda ya saba. Ƙofa ta buɗe. Babbar fitilar nan mai rassa da Sairagul ke ji da ita a kashe take, an ja labule rabi. Ita kuma tana tsaye daga ciki, ta bar tazara tsakaninta da dokin ƙofa, ta gyara murya kamar mai sanarwa a tasha.

"Ilgiz. Shigo. Ka kuma saurara da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. Wannan gayyatar ta yau ce, da gobe, da duk ranar da za ta zo. Ko ina gida ko ba na nan, ko muna shiri ko mun yi faɗa. Ba ta ƙarewa."

Ɗana ya kafa wa ma'ajiyar takalma ido yana nazari. "Ko Sezim tana fushi da ni?"

"Ranar ma ya fi kamata ka zo."

"Ko maigidan yana barci?"

Daga falo Toktosun ya ɗaga murya. "Ka shigo, amma kada ka tashe ni!"

Ilgiz ya tsallaka dokin ƙofa, sannan ya miƙa hannu. Ina cire takalmi Sairagul ta raɗa min, "Littafi na biyu. In an gayyace su sau ɗaya, shi ke nan har abada. Na ce bari in gwada." Duk shekarun da na yi ina tura shi, bai taɓa faɗo min in roƙi wani ya faɗa masa haka ba.

Na sa wa Sezim 'yan kunne da hannuna. Aka kawo nama. Toktosun ya jawo ƙirjin gabansa, ya zaro wuƙa, ya zauna yana feɗe kitsen a natse kowa yana kallo, har ya rage tsoka zalla a jikin ƙashi. Ya tara kitsen a nasa farantin, ya miƙa sauran da hannu biyu.

"An ce ba ka cin kitse. Madalla, ni ina ci. Za mu zauna lafiya."

Ilgiz ya karɓa da hannu biyu, ya ci. Sairagul ta tambaye shi yaya ya ji. Na rufe ido.

"Gishiri ya ɗan yi yawa, apa."

"Kun ji ko?" in ji Toktosun, ya buga cinya. "Tun aurenmu nake so wani ya faɗa!"

Sairagul ta yi kamar za ta jefe shi da cokali, amma ta ji kalmar da yaron ya kira ta da ita, ni ma na ji, kuma ba ni na koya masa ba.

Har yau in aka tambaye ni a sherine, don yanzu ni ma ina zuwa, ko mutumin littafin irin ɗana ne, cewa nake a'a, sai dai sun taɓa tsayawa a ƙofa ɗaya. Uulkan ta ce wannan ba amsa ba ce. Ita ta sani. Ni dai na gode wa matar da ta rubuta shi, duk da ƙaryar da ta cika a ciki. Na fi gode wa Sairagul, wadda ta yi kuka a kan takarda kuma ba ta tsaya a nan ba.

Bayan biki, da kaka, na dafa jam ɗin abirikot mai yawa, Ilgiz ya zo ya taya ni kai wa surukansa. Ya ɗauki jaka biyu yana gaba, ina biye ina haki. Muka tarar da ƙofar a buɗe, ƙamshin soya yana fitowa, babu kowa a bakinta. Na ɗaga hannu zan tura shi, hannun ya sami iska. Yana ciki tuni, yana jera takalmansa kusa da na Toktosun, ya fara yi masa bayanin yadda ake adana ƙwallon abirikot kafin a shuka.

Na tsaya a waje da hannu a sama, hawaye yana zuba, wata maƙwabciya tana hawowa tana kallona. Sairagul ta leƙo daga kicin da gari a hannu, ta kira ni da sunan da uwar amarya ke kiran uwar ango.

"Kudagi! Ke ma sai an ce ki shigo?"

"Faɗa mana," na ce. "Ina so in ji yadda take."

Ta goge hannu a jikin zanen girki, ta tako har tsakiyar zaure, ta gyara murya.

"Burul. Shigo."

Na shiga.